Haƙƙin Mutanen Bakin Kwara

Duk wanda ya tsaya bakin ruwa a Yelwan Yawuri ranar kasuwa, ya ga jiragen katako suna isowa daga tsibirai, wannan da buhunan albasa, wancan da kwandunan bandar kifi, wani kuma da mata masu goyo zaune bisa kaya har ruwa yana neman taɓa bakin jirgi, lalle zai gane cewa Kogin Kwara shi ne titin waɗannan bayin Allah, domin a kansa ake kai amarya ɗakinta, a kansa kuma ake kai majinyaci asibiti.

Tun kaka da kakanni Gungawa da Sarkawa sun san halin kogin nan. Sun san farin ruwa mai zuwa da damina, sun san baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini ya iso cikin hunturu, kuma bisa wannan lissafi suke su, suke dasa albasarsu. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajen iyayensu saboda maslahar ƙasa baki ɗaya. Ba na musun wannan maslaha, gama birane sun sami hasken lantarki. Amma itatuwan da ruwa ya rufe ba a sare su duka ba, kututturansu suna nan a ɓoye, matuƙi ba ya ganinsu sai ya ji katako ya tsage.

A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ƙalilan ne suka tsira. Aka yi ta'aziyya, aka ce ƙaddara ce. Na'am, mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Sai dai malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali yana kore riƙo da sababi ba, kuma matuƙin da ya ɗora wa jirginsa ninkin abin da zai iya saboda kwaɗayin kuɗin fito, shi da jami'in da ya gani ya kau da kai, duka biyu sun ci amanar rayuka.

Abin da ya wajaba a kan hukuma, musamman NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, shi ne ta ɗauki kogin nan yadda take ɗaukar babbar hanyar mota: a tumɓuke kututture, a kafa alamu a mashigai, a hana tafiyar dare, a kuma ajiye mutum a kowace tashar jirgi, tare da yardar Sarkin Ruwa na wurin, wanda zai ƙidaya fasinja ya tabbatar kowa ya sa rigar ruwa kafin a kwance igiya.