Gyambon Da Ya Ƙi Jin Allura

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwa magana a kan mikin da kan ruɓe a asibiti bayan an yi wa mutum aiki, a yi ta allura, ya ƙi ji.

Sau da yawa mafarin abin wata ƙwayar cuta ce wai ita Stafilokokas. Tana zaune lami lafiya cikin hancin kamar mutum ɗaya bisa uku, amma in hannu ya kai ta cikin yanka, sai mugunya da zazzaɓi.

A 1928 Likita Fleming ya gano fenisilin a Landan. Da maganin ya yaɗu aka ce an huta. Shi kuwa tun 1945 ya yi gargaɗi, in aka ba da shi bai kai ƙima ba, ƙwayoyin za su saba. Haka kuwa aka yi, gama raunana ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Aka kawo metisilin wajen 1960, a 1961 aka sami waɗanda ba ya kashewa.

To, mu fa? Na sha ganin mutum ya sayi kafso biyu a kemis, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a gyambo. Ɗan dubiya kuwa ya ɗaga bandeji ba wankin hannu, wai zai ga ko an samu sauƙi!

Ina roƙon malamai su karanta wa jama'a wannan, likitoci kuma su riƙa aika mugunya ɗakin awo kafin su sauya magani.

Wasalam,
Naka, Mai Lura