Bikin Irland da farantin ƴaƴan itace

A nahiyar Turai akwai wata ƙasa mai suna Irland. Tsibiri ce, yamma da Ingila, babban birninta Dublin. Kowace shekara, ranar 17 ga watan Maris, mutanenta suna bikin tunawa da Patirik, malamin addinin Kirista da ya yi wa'azi a can cikin ƙarni na 5. Tun shekarar 1903 ranar hutu ce. Ran nan manya da yara sukan sa tufafi tsanwa, su fita kallon jerin gwano.

Bikin yana faɗowa cikin azumin Kirista, lokacin da yara da yawa kan daina shan alewa. Amma ranar bikin ana sassauta musu, sai alewa ta yi yawa. Shi ya sa wasu iyaye, a Irland da kuma Amurka inda jikokin ƴan Irland suke da yawa, suka yi dabara. Sukan yanka ƴaƴan itace, su jera su bisa faranti kamar bakan gizo, launi bayan launi. A ƙarshensa su tara gutsattsarin abarba, domin tatsuniyarsu ta ce akwai tukunyar zinariya a inda bakan gizo ya ƙare. Wasu kuwa tutar ƙasarsu suke zanawa: inabi tsanwa, ayaba, da lemu.

A ganina waɗannan iyaye sun yi daidai. Yaro da ido yake fara ci. Kuma abin da aka ba shi ranar biki, shi yake ɗauka abinci mai daraja. Idan alewa kaɗai yake gani ranar murna, zai raina lemu. Alewa kuwa sukari ce, tana ɓata haƙori. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a 2023 yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 yana bukatar aƙalla giram 250 na ƴaƴan itace da ganye kowace rana.

Wani zai ce wannan wasan masu kuɗi ne. Ban yarda ba. Irland ƙasar sanyi ce, ba ta noman ayaba da lemu, daga waje take sayen su. Mu kuwa mangwaro, gwanda, gwaba da kankana suna cikin garakenmu. Abin sha'awa, launin tutarsu shi ne na tutar Nijar: ruwan goro, fari da tsanwa. Da mangwaro nunanne, ayaba da gwaba, uwa za ta zana wa ɗanta tutarmu ranar Salla. Mangwaro da gwanda suna ba jiki bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi.

Sai dai a yi hattara. A wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da ƴaƴan itacen da ruwa mai tsabta kafin a yanka. A rufe farantin saboda ƙuda, a ci nan take, kada ya yini cikin zafi, domin yana iya kawo zawo. Ga ƙaramin yaro a cire ƙwallo da iri, a yanka ƙanana. Inabi kuma a tsaga shi a tsaye, kada ya shaƙe shi.