Mu Karanta Tare: Barden Littafi da Barden Tarihi

Da yawanmu muna son littattafan yaƙi, irin waɗanda barden Turai mai sulke yake tarwatsa rundunar Mongolawa shi kaɗai. Labarin akwai daɗi, amma fa ba haka tarihi ya nuna ba.

Ranar 9 ga Afrilu, 1241, a Legnica ta ƙasar Folan, Mongolawa suka yi kamar sun tsere. Barade suka bi su a sukwane, suka baro dakarun ƙasa a baya, sai aka yi musu zobe da ruwan kibau. Jagoransu, Henry na Biyu, a nan ya rasa ransa. Bayan kwana biyu, rundunar Hangari ma ta sha kashi a Mohi. Ba wani barde ne ya kori Mongolawa ba. Da kansu suka juya a 1242, bayan mutuwar babban sarkinsu, Ogedei.

Marubucin ƙagaggen labari yana da damar ƙara gishiri, amma mu kada mu kwashi gishirin nan mu kai ɗakin jarrabawa. Duk littafin da muka gama, mu fitar da sunaye da shekarun da ke ciki, mu tambayi malamin tarihi.

Sai mako mai zuwa.