Amanar Ma'aikacin Ɗakin Gwaji a Binciken Garkuwar Jiki

Ƙwayoyin garkuwar jiki daga ɓargo suke fitowa. Ƙwayoyin B suna ƙarasa girma a cikin ɓargon, ƙwayoyin T kuwa sai sun yi ƙaura zuwa wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda ake kira taimos. A can ake tankaɗe su: wadda ba za ta yi amfani ba ta mutu, wadda za ta far wa jikin mai ita ma ta mutu, har fiye da kashi 90 cikin ɗari ba sa tsira. Jacques Miller ne ya gano aikin taimos a Landan a 1961, bayan ya cire ta daga jariran ɓeraye. A 1965 Max Cooper ya nuna a jikin kaji cewa ƙwayoyin B da T dangi biyu ne.

Irin wannan ilimi a hannun ma'aikacin ɗakin gwaji yake tsirowa. Shi ke kiwon ɓeraye, ya tatsi ɓargonsu, ya rina ƙwayoyin, ya zuba su a na'urar da ke ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da hasken leza. Shi ke renon su a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da jikin mutum, ya adana ragowar a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Mafi yawan wannan aiki babu mai gani, shi ya sa ya zama amana. Idan ya musanya kwalabe biyu, ko ƙwayoyin cuta suka gurɓata abin da yake reno, shi kaɗai ya sani. Wajibinsa ya rubuta abin da ya faru a littafin aiki, da kwanan wata, ko da aikin wata uku zai rushe. Shafe sakamakon da bai yi wa shugaba daɗi ba ha'inci ne, daidai da tauye mudu a kasuwa. Cutarwar ma ta fi nisa, domin a kan waɗannan alƙaluma ake gina rigakafi, da dashen ɓargo ga masu sikila, da gwajin CD4 ga masu ƙanjamau.

A 1974, a cibiyar Sloan-Kettering ta New York, William Summerlin ya yi iƙirarin cewa ya dasa fatar baƙin ɓera a jikin farare ba tare da garkuwarsu ta ƙi ta ba. Wani ma'aikacin ɗakin gwajin ya lura da baƙin, ya goga barasar asibiti, sai ga tawadar alƙalami ta fita. Bai yi shiru ba, ya kai rahoto, aka yi bincike, ƙaryar ta tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an sami mai leƙawa.

Dabbobin ma suna da haƙƙi. Tun 1959 Russell da Burch suka kafa ƙa'idoji uku: a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawansu, a sassauta musu azaba. Ma'aikacin da ke ba su abinci da ruwa shi ne farkon mai kiyaye wannan.

Shugabannin bincike kuma akwai nauyi a wuyansu. Su horar da ma'aikacin, su ba shi kayan kariya, su biya shi a kan lokaci, su ambaci sunansa idan an wallafa aikin. Kada kuma a hukunta shi don ya faɗi kuskurensa, domin wanda aka tsorata yau, gobe ɓoyewa zai yi.