A Amurka, ƙaryar yau ta fi wiwin jiya hana mutum aikin sirri

A Amurka, kafin a bar ma'aikaci ya taɓa takardun sirrin ƙasa, a soja yake, a CIA, ko a kamfanin da ke ƙera wa gwamnati makamai, sai an bincike shi an ba shi izini na musamman. Ɗan ƙasa kaɗai ake ba wannan izini, bayan ya cika wata doguwar takarda mai suna SF-86. Cikin tambayoyinta akwai wadda ke sa matasa zufa: a shekaru 7 da suka wuce, ka taɓa shan wiwi ko wata haramtacciyar ƙwaya?

Abin da ke rikita su shi ne, tun 2012 jihohin Kolorado da Washinton suka halatta wa manya shan wiwi, yau jihohi sama da 20 sun bi sahu. Amma dokar tarayya ta 1970 ta haramta ta, izinin kuwa na tarayya ne. Ko a shago ka saya a Denba aka ba ka rasit, amsarka dai "e" ce.

To wanda ya ce "e", tasa ta ƙare ke nan? A'a. A watan Disamba 2021, shugabar hukumomin leƙen asiri ta lokacin, Avril Haines, ta fitar da takarda mai cewa shan da aka yi a baya abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana auna mutum gaba ɗaya: yaushe ya yi shan ƙarshe, sau nawa, yana ɗan shekara nawa, ya rabu da abokan shan, ya sa hannu cewa ba zai koma ba? Wanda ke sha har yanzu kam, doka ta hana a ba shi. Kuma kar a ɗauka wasa ne: a watan Maris 2021 fadar shugaban ƙasa ta tabbatar da sallamar ma'aikata 5 da batun wiwi ya shiga dosiyensu.

Ƙarya fa? Nan ne ramin yake. Yin ƙarya a kan SF-86 laifi ne da ke iya kai mutum gidan kaso har shekaru 5. Masu bincike na zuwa wurin maƙwabta da tsofaffin abokai, wasu hukumomi har na'urar gano ƙarya suke sa wa mutum. Dalilinsu a fili yake: wanda ke ɓoye wani abu, duk ɗan leƙen asirin wata ƙasa da ya gano shi ya samu igiyar jansa. Wanda ya faɗi nasa da bakinsa kuwa, da me za a tsorata shi?

Mu a ganinmu, wannan ma'auni ya yi daidai. Ba wiwi muke karewa ba, wallahi mun ga yadda take lalata yara a unguwanninmu. Wasu za su ce wanda ya taɓa sha bai cancanci amana ba har abada. To amma dokar da ta rufe ƙofa har abada ba ta rage masu sha, maƙaryata take ƙarawa, kuma su za ta damƙa wa sirrin ƙasa.

Maganar ta shafe mu, domin ƴaƴan ƴan Nijar da aka haifa a Girinsboro ko Niyok ƴan Amurka ne, wasunsu za su nemi irin wannan aiki. Mun san shawarar da iyaye za su ba su ta waya: rufa wa kanka asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau a cikin gida, amma a kan wannan takarda tarko ne. Yaro ya daina sha tun da wuri, ya canza abokai, in an tambaye shi ya faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Nan gida ma akwai abin tunani. Dosiyen konkur na neman kaziye, kaziye kuwa wanda aka kama aka hukunta kaɗai yake nunawa. Tsakanin wanda bai taɓa shiga hannu ba da wanda ya ce "na yi, na bari", wa za ku ba makullin gidanku? Muna sauraron ra'ayinku.