Otal ka gani, ba rayuwa ba

'Yan'uwa, ina da magana da masu dawowa daga hutu suna yatsina fuska, kuma da kaina zan fara. Na yi mako biyu a Dubai. Na hau Burj Khalifa mai tsawon mita 828, na shiga jirgin ƙasan da ba shi da direba. Da na dawo, komai ya zama laifi: an ɗauke wuta, hanya duk ramuka, har tuwon Mama na ce ya yi nauyi. Sai ta ce, "Ɗana, bashin tikitin fa, can ka baro shi?" Na yi shiru.

Otal na gani. Ban ga inda mai share mini ɗaki yake kwana ba. Yawancin mazauna Dubai 'yan ci-rani ne daga ƙasashe kamar Indiya da Pakistan, wasu suna aikin gini cikin zafin da ya wuce digiri 40.

Rashin wuta matsala ce, mu ci gaba da faɗa. Amma auna gidan uwarka da otal zalunci ne. Ka dawo? Biya bashinka, koma bakin aikinka, ka ci tuwon da godiya.