Suna Ba Ya Yanka Katako

Akwai wata ɗabi'a da ta yi wa kafintocinmu katutu, daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano zuwa Panteka a Kaduna har kasuwar Katako ta Yamai, ita ce bautar sunan kamfani. Za ka ga mutum ya goge a sana'arsa, daga nesa zai bambance maka maɗaci da malaina, yana ɗaga katako ya san ko ya bushe ko zai karkace bayan damina. Amma da zarar ya tashi sayen kayan aiki sai ya tuɓe wannan basira ya ajiye ta a ƙofar kanti. Wannan ya ce shi ɗan Makita ne, wancan ya ce in ba Bosch ba gara ya haƙura, tsoho kuma ya rantse cewa tun da aka daina kawo Stanley na Ingila aikin katako ya mutu. Musu ake yi irin na 'yan Arsenal da 'yan Chelsea a gidan kallon ƙwallo. Sai dai mai goyon bayan ƙwallo in an ci ƙungiyarsa baƙin cikin dare ɗaya ne, shi kuwa kafinta jarinsa ne da abincin iyalinsa yake zubawa a wannan musu.

Abin da nake cewa a taƙaice shi ne, biyayya ga sunan kamfani wauta ce mai tsada. Sunan da ake rantsuwa da shi haja ce kamar kowace haja, ana sayar da shi, ana sayensa, ana ba da hayarsa. Wanda ya ɗaura amanarsa a jikin suna ya ɗaura ta ne a jikin abin da masu shi da kansu ba su riƙe shi da amana ba.

Mu fara da Stanley, tunda shi ne dattijo. A Amurka aka kafa shi, kuma tun 1869 ya sayi haƙƙin ƙirar filen ɗin goge katako na wani maƙeri mai suna Leonard Bailey, wanda har gobe siffarsa ce ake kwaikwayo a lamba 4 da lamba 5. Daga baya ya buɗe masana'anta a Sheffield ta Ingila, garin da ya yi suna da ƙarfe, inda Record da Marples su ma suka fito. Waɗannan su ne kayan da iyayen gidanmu suka koyi aiki da su, kuma sun cancanci yabon da ake yi musu. To yau ina suke? A 2010 Stanley ya haɗe da Black & Decker suka zama kamfani guda. A 2017 wannan kamfani ya sayi Irwin, wanda sunayen Record da Marples suka riga suka faɗa hannunsa. A wannan shekarar dai ya sayi sunan Craftsman daga Sears a kan kuɗi kimanin dala miliyan 900, alhali Sears kanti ne, wasu masana'antu ne suke ƙera masa kayan yana manna sunan. DeWalt ma nasu ne. Ke nan in kafintoci huɗu suka kwana suna jayayya a kan Stanley da DeWalt da Irwin da Black & Decker, aljihu ɗaya suke yi wa kamfe.

Haka lamarin yake ta ko'ina. Milwaukee, mai jan launi da ake yi wa kallon tutar Amurka, tun 2005 yake hannun wani kamfanin Hong Kong mai suna Techtronic Industries. Skil, wanda zartonsa na lantarki ya yi tashe har aka riƙa kiran irin wannan zarto da sunansa, ya bar hannun Bosch ya koma hannun Chervon na ƙasar Sin. Kayan aikin Hitachi sun koma HiKOKI a 2018 bayan wani kamfanin masu zuba jari na Amurka ya saye ɓangaren. Makita, da aka kafa a Nagoya a 1915, yana nan da sunansa, amma yana da manyan masana'antu a Sin da Romaniya da wasu ƙasashe. Don haka mai cewa ba ya taɓa kayan Sin, sai na Japan, ya juya injinsa ya karanta 'yar takardar da ke manne a jiki. Ba aibu ba ne a ƙera abu a Sin, akwai nagari a can akwai na banza. Aibun shi ne mutum ya biya kuɗin tatsuniya yana zaton ƙarfe ya saya.

Labarin da ya fi tona asirin wannan harka shi ne na DeWalt. A shekarun 1980 Black & Decker ya shiga sayar da kayan gida irin su dutsen guga da na'urar gasa burodi. Sai magina da kafintocin Amurka suka fara jin kunyar a gan su a wurin aiki da injin da sunansa ɗaya da kayan kicin ɗin matansu, suka raja'a ga Makita. Kamfanin ya duba ya ga matsalar tana ga suna. A 1992 ya fito da kayan aikinsa na ƙwararru da launin rawaya, ya sa musu sunan DeWalt, wani tsohon kamfani da ya saya tun 1960. Kasuwa ta buɗe. Mutanen da suka guje shi jiya suka dawo suna layi. Har yau ana koyar da wannan labari a makarantun kasuwanci a matsayin dabara. Kafinta kuwa ya kamata ya karanta shi a matsayin gargaɗi, domin shi ne tsuntsun da aka ɗana wa tarkon.

Yanzu an ƙara wa tarkon ƙarfi da batir. Injinan da ba su da waya sun shigo, kuma ga mai fama da ɗaukewar wuta da tsadar man janareto tun bayan cire tallafi a 2023, alheri ne babba. Amma kusan kowane babban kamfani ya ƙera bakin batirinsa yadda ba zai shiga injin wani ba. A ciki kuwa ƙwayoyin batir ne iri ɗaya, guda biyar a jere, kowace tana ba da kimanin bolt 3.6, jimla 18. Abin da DeWalt ke sayarwa a Amurka da tambarin 20V, shi ne yake sayarwa a Turai da tambarin 18V, domin lamba ta farko awon batir ne lokacin da ya cika fal ba a fara aiki da shi ba. Da ka sayi batir biyu da caja, an gama da kai: inji na gaba dole ya zama na gidan, ko da na maƙwabcinsu ya fi shi kyau da araha. Sai mutum ya riƙa kiran wannan ɗauri da sunan ƙauna. Cewa ba a iya haɗa su wuri ɗaya ƙarya ce, tunda a 2018 Metabo da wasu kamfanoni sun amince da batir guda da zai yi aiki a injinansu duka, kuma Tarayyar Turai ta tilasta wa masu wayar hannu caja iri ɗaya.

Duk wannan a ƙasashen da ake da garanti ke nan, inda in inji ya lalace a cikin wa'adi za ka mayar a gyara ko a sauya maka. A nan fa? Kafinta nawa ne a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya taɓa mayar da inji aka karɓa da takardar garanti? Yawancinmu muna biyan kuɗin alkawarin da ba a yi da mu ba. Kuma tun da darajar naira ta faɗi, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, ratar da ke tsakanin babban suna da matsakaici ta zama kuɗin hayar shago.

Mafi muni, bautar suna ita ce gonar mai jabu. Mai kwaikwayo ba ya wahalar da kansa wajen yin waya mai kauri ko boris mai kyau, saboda ya san ba za a duba ba. Launi yake bukata da tambari da kwali mai sheƙi. Hukumar SON tana kamawa tana ƙonawa, amma muddin akwai mai saye da ido rufe, za a ci gaba da kawowa. Mutum ya raina Ingco ko Total, waɗanda aƙalla suka fito da sunansu na gaskiya da farashinsu, ya je ya ninka kuɗi a kan jabun babban suna da ba a san ma wanda ya ƙera shi ba. Wani kuma ya rungumo gwanjon Amurka saboda suna, bai lura an yi shi don wutar bolt 120 ba, tamu kuwa 230 ce. Jonawa ɗaya, hayaƙi ya tashi.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa a kasuwar da babu mai gaya maka gaskiya, suna shi ne ɗan abin da za ka kama. Suna cewa araha ba ta ado, kuma wanda injin banza ya taɓa watsa wa haƙorin zarto a fuska ba zai ƙara wasa da rayuwarsa ba. Gaskiya ne, manyan kamfanoni sukan fi kula da kariya, kuma da yawa daga kayansu sun fi ƙarko. Ni ban ce a guji Makita ko Bosch ba, ban kuma ce a bi araha ido rufe ba, don bautar araha ita ma bauta ce. Suna shaida ce guda ɗaya, a saurare ta. Amma alƙalin da ya yanke hukunci da shaida ɗaya alhali ga wasu a tsaye, ya yi zalunci. Babu kamfanin da ya fi kowa a komai. Bosch da kansa yana da shuɗi na masu sana'a da kore na aikin gida, kuma ba ɗaya suke ba. Wanda zartonsa ya yi fice, injin hudarsa na iya zama na yau da kullum. Me zai sa kyan ɗa guda ya sa ka auri dangin duka?

Sauran shaidun ga su, kuma kowane kafinta ya fi ni saninsu. In kabon ya cinye, ana samunsa a garin nan? In kwail ya ƙone, mai naɗin waya zai iya farfaɗo da shi? Sababbin injinan da ba su da kabon sun fi ƙarfi da tattalin batir, amma ƙwaƙwalwarsu a toshe take, in ta mutu sai dai a sauya ta ɗungurungum, in an samu. Yaya injin yake da ƙurar hunturu da garin MDF? Batirin zai jure zafin watan Afrilu a shagon kwano? Aikin da kake yi kullum ne, ko sau biyu a wata? Injin da za ka riƙe daga safe zuwa magariba ya cancanci ka zuba masa kuɗi, wanda za ka ɗauko jefi-jefi kuwa matsakaici ya wadatar.

Sannan akwai gaskiyar da masu talla ba sa so a faɗa: baki ne ke yanka, ba jiki ba. Faifan zarto mai haƙora 24 na tsaga katako ne, in ka sa shi a filawud zai yi maka kaca-kaca ko da injin na zinariya ne, wurin yana son mai haƙora 60 ko fiye. Filen mai araha da aka daidaita ƙasansa a kan samfefa da gilashi, aka wasa bakinsa daidai, zai fitar da aski kamar takarda, yayin da Stanley na gado mai dakusasshen baki zai riƙa cizon katako. Masassaƙanmu da suka fafe turmi da akushi da kujerar tsuguno, gizagonsu maƙerin unguwa ne ya ƙera, babu tambari a jiki. In ya yi taushi su mayar masa ya sake ba shi ruwa. Sun san ƙarfe da hannunsu da kunnensu, kuma wannan ilimin ne muke musanyawa da launin roba.

Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron shago. Ya shekara biyar ko shida yana koyo, an yaye shi, ɗan abin da ya tara da gudummawar dangi bai taka kara ya karya ba. Da zai sayi matsakaitan kaya guda huɗu ya buɗe rumfarsa ya fara karɓar aiki. Amma ya tashi yana jin maigida na cewa wanda bai riƙe suna kaza ba ba kafinta ba ne. Sai ya zuba komai a inji ɗaya, wataƙila ma jabu, ko ya ci bashi, ko ya zauna yana jiran ranar da zai iya, har zuciyarsa ta mutu ya koma acaɓa. Maigidan da ya koya wa yaro sunayen kamfanoni bai koya masa wasa baki da duba boris ba, ya tauye shi.

In dai biyayya ake so a yi, akwai masu ita. Akwai ɗan kasuwar da zai dube ka ya ce, "Maigida, wannan ba gangariya ba ne, ga wanda zai yi maka aiki." Akwai mai gyaran da ya san cikin injinka kamar tafin hannunsa. Akwai matar da ta yi adashi shekara guda don gadon 'yarta, wadda ba za ta taɓa tambayar da wane inji aka yanka shi ba, ita dai kada ya yi ƙara, kada ƙofar kabad ta karkace. Ƙungiyoyin kafintoci kuma, maimakon karɓar kuɗin kati kawai, su riƙa tattara labarin wane inji ne ya yi ƙarko a hannun 'ya'yansu, wane kanti ne ke sayar da jabu, wa ke da kayan gyara. Wannan shaida ta fi kowane talla, don a ƙasarmu aka gwada, da wutarmu da ƙurarmu.

Kamfani ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ta'aziyya, kuma ranar da ya ga riba a sayar da sunan da kake rantsuwa da shi, ba zai nemi shawararka ba. Malam kafinta, in ka shiga kanti, ka sa a jona injin, ka saurari ƙararsa, ka girgiza bakinsa ka ji ko yana rawa, ka tambayi kuɗin kabon da inda ake samunsa, sannan ka yi ciniki.